GUDU SAU GUDU: LISSAFIN DA YA KAMATA KOWANE FALKEN SHANU YA SANI

Daga Atrone, Njamena

Ya ku 'yan'uwa fatake, dillalai da direbobi, na nan gida Cadi da na Kamaru da na Nijeriya. Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato maganar gudun mota da lodin shanu. Ba mu ɗauko ta don mu ci mutuncin kowa ba. Abin ya faɗa kanmu ne, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Bara waccan, gab da Kirsimeti, lokacin da kasuwar kudu ke ci, mu uku muka haɗa jari muka sayi shanu a Durbali da Masakori. Aka kora su a ƙasa har suka tsallaka iyaka, muka yi lodi a can ɓangaren Nijeriya. An ɓata mana kwana biyu wajen takardu, saboda haka muka kira direba gefe muka ce masa, "In ka kai mana su kafin kasuwa ta ci, akwai goro mai kauri." Ya ce, "Alhaji, an gama." Da tsakar dare aka buga mana waya, tirela ta kife a wata kwana. Shanu goma sha ɗaya sai yanka aka yi a bakin titi, mahautan ƙauyen suka saye su yadda suka ga dama. Wannan duk dukiya ce, Allah yana mayarwa. Abin da ba ya dawowa shi ne yaron da muka ɗauka rakiya, ɗan unguwarmu ta Atrone, wanda bai cika shekara ashirin ba. Mu muka je muka tsuguna a gaban mahaifiyarsa muka gaya mata.

Da direban ya fito daga asibiti muka je duba shi. Ya rantse mana ya ce, "Wallahi Alhaji ban wuce tamanin ba." Mun kuwa yarda da shi, don mutumin kirki ne, shekararsa goma sha a kan hanya. Mu ma a lokacin cewa muka yi, to mene ne tamanin? Ai ƙananan motoci suna yin ɗari da ashirin. Muka bar abin a kan ƙaddara.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, muna zaman majalisa da shi bayan la'asar. Ran nan ya ji muna maimaita wannan magana ta "tamanin kawai", sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ku da kuka yi hisabi a Islamiyya, kuna raba gado har da sudusi da sumuni, wannan lissafin ba zai gagare ku ba. Miƙo mini tsinken nan." Ya share ƙasa ya fara zane. Abin da ya koya mana ranar shi muka kawo muku.

KARFIN DA KE CIKIN MOTA MAI GUDU

Ya ce duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi a jikinsa, masana suna ce masa ƙarfin motsi. Mota ba za ta tsaya ba sai wannan ƙarfi ya fita daga jikinta kaf, ko dai ta birki, ko kuwa ta jikin abin da ta daka. Abu biyu ke kawo shi: nauyi da gudu. Amma ba rabo ɗaya suke da shi ba. Nauyi sau ɗaya ake lissafa shi, gudu kuwa sau biyu, wato gudu sau gudu. In ka ninka lodi, ƙarfin ya ninka biyu. In ka ninka gudu, ƙarfin ya ninka huɗu.

Ga yadda ya rubuta mana. 40 sau 40, 1,600. 60 sau 60, 3,600. 80 sau 80, 6,400. 100 sau 100, 10,000. Ku duba da kyau. Daga 40 zuwa 80 allurar mota ta nuna ninki biyu, amma ƙarfin da ke cikin motar ya tashi daga 1,600 zuwa 6,400. Daga 60 zuwa 80 direba yana ganin ɗan ƙari ne na ashirin, alhali ƙarfin ya kusa ninkawa. Allura tana hawa da ɗaiɗai, haɗari yana hawa da tsalle.

Ya ce wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun shekarar 1722 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Gravesande ya riƙa sako dunƙulen tagulla daga sama a kan yumɓu mai taushi. Ya ga in dunƙulen ya iso da gudu ninki biyu, ramin da yake yi ninki huɗu ne, in da ninki uku ne, ramin ninki tara. Tun ba a ƙera mota ba aka san wannan.

Muka ce, Malam, lamba ba ta shiga kan Bahaushe sai da misali. Ya ce to ku ɗauki rijiya. Motar da ta daki gini ko bishiya tana kan 40, daidai take da wadda ta faɗa rijiya mai zurfin mita 6, wato gaba uku da rabi. A kan 60, mita 14, kusan gaba takwas. A kan 80, mita 25, gaba goma sha huɗu. A kan 100, mita 39, ya haura gaba ashirin. Sai ya dube mu ya ce, "Alhaji, akwai wanda zai yarda a jefa bijiminsa rijiya mai gaba goma sha huɗu, ya ce ai tamanin ne kawai?" Majalisa ta yi tsit.

Sannan ga nauyi. Tirela da lodinta a ce ton 30, ƙaramar mota ton ɗaya da rabi. Ke nan tirela guda a kan 80 tana ɗauke da ƙarfin ƙananan motoci 20 da ke gudu tare a kan 80. Don haka direban babbar mota ya daina gwada kansa da mai ƙaramar mota. Ba layinsu ɗaya ba.

INA BIRKI ZAI TSAYAR DA ITA?

Tsayawar mota kashi biyu ce. Akwai tafiyar da take yi daga lokacin da ido ya gani zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, sannan akwai tafiyar da take yi birki na ci. Malam ya ce mu ɗauka direba lafiyayye ne, ba ya gyangyaɗi, yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka. Mu ɗauka kuma birkin na da kyau, kwaltar busasshiya ce, motar cike da lodi. A kan 40, za ta ci mita 17 kafin a taka, da mita 15 bayan an taka, jimla 32. A kan 60, mita 25 da mita 35, jimla 60. A kan 80, mita 33 da mita 62, jimla 95, kusan tsawon filin ƙwallo ke nan.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wannan. A ce tirela biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a kan 60, ɗaya a kan 80. Garke ya fito titi a nisan mita 60, direbobin biyu suka gani tare, suka taka birki tare. Mai 60 zai tsaya daidai gaban garken. Mai 80 kuwa, lokacin da zai iso wurin, yana nan a kan 60. Wato ɗaya ya tsira ko ƙwarzane babu, ɗaya ya afka musu da cikakken gudu, kuma bambancinsu ashirin ne kacal a allura. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, ko hanyar ta burji ce, ko direba ya kwana biyu bai rintsa ba, sai ku ƙara a kan wannan lissafi.

Da dare abin ya fi muni, kuma mu da dare muka fi tafiya saboda zafin rana yana galabaitar da shanu. Ƙaramar fitila ba ta cika haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60 ba. Wanda yake buƙatar mita 95 ya tsaya, yana ganin mita 60 kawai, ai ya riga ya daki abin tun bai gan shi ba. Kun dai tuna abin da ya faru a hanyar Abeshe, tsakanin Mangalme da Umm Hajar. A ƙarshen Fabrairun 2022 manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama da dare, mutum 33 suka rasu. A Janairun 2023, a wannan hanyar dai, wata bas ta afka wa babbar motar da ta lalace a kan titi, mutum 20 suka rasu, kuma hukuma ta ambaci gudun wuce kima da lodi fiye da ƙima da gajiyar direba cikin dalilan. Allah ya jiƙan su.

Ina ƙarfin yake zuwa in an taka birki? Wuta yake komawa. Malam ya lissafa mana cewa tsayar da ton 30 daga 80 sau ɗaya tak yana fitar da zafin da ya isa ya tafasa ruwa jarka guda mai lita 20 har da ragowa. Daga 40 kuwa bai fi na lita 6 ba. Duk wannan zafi a ƙarfen birki yake taruwa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, direban da ya sako mota da babbar giya yana ta lallatsa birki, kafin ya kai ƙasa ƙarfen ya yi ja, ya taka ya ji ba ya ci. Sai ka ji an ce birki ya tsinke. Sau da yawa bai tsinke ba, dafa shi aka yi. Tsofaffin direbobi sun san maganin: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka, kuma tun daga saman gangara ake sa ta.

LODINMU MAI RAI NE

Mai ɗaukar siminti ko buhunan masara, inda ya ajiye kaya nan suke. Namu kayan a tsaye suke bisa ƙafa huɗu, nauyinsu yana sama, kuma suna motsi. In mota ta shiga kwana, akwai ƙarfin da ke tura komai zuwa gefen waje, shi ma kuma gudu sau gudu ne. Kwanar da aka shiga da 60 maimakon 40, turin ya fi ninki biyu. Da 80, ninki huɗu. Shanu talatin su zame su jingina a bango guda, tayoyin ɗaya gefen su ɗaga, shi ke nan sai salati. Abin da ya sami motarmu ke nan. Direba bai yi barci ba, birki bai lalace ba, taya ba ta fashe ba. Kwanar ta 40 ce, ya shige ta da abin da ya kusa 80.

Haka kuma in mota ta daki abu, ita ta tsaya, amma abin da ke cikinta bai tsaya ba. Motar da ke kan 60 in ta tsaya cikin mita guda, kowane abu a cikinta yakan yi gaba da nauyinsa ninki 14. Bijimi mai kilo 300 ya zama ton huɗu da ɗoriya, ga ƙaho. Yaron da ke tsakiyarsu yana tayar da wadda ta kwanta, ina zai shiga? Wanda ke zaune a kan katako a saman bodi, mai kilo 70, ya zama kusan ton guda. Wane hannu ne zai riƙe ton guda? Ko da ya rungumi ƙarfe, sai ya fizge.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan ɗaukar fasinja a saman shanu. Ranar 8 ga Satumba 2024, a yankin Agaie na Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da tirelar da ta taso daga Wudil za ta Legas ɗauke da shanu da mutane. Ƙidayar farko ta nuna mutum 48 sun ƙone, da shanu kimanin 50, daga baya adadin ya ƙaru. Kuɗin da yaron mota ke karɓa a hannun masu hawa sama bai kai kuɗin igiyar ɗaure saniya ba in an gwada da abin da ke biyo baya.

CIKIN GARI

Ba sai a daji ba. Mu da ke Atrone da Shagwa da Habena muna ganin yadda manyan motoci ke sheƙowa su nufi gadar kogin Shari, su bi Waliya su kai gadar Ngeli ta tsallaka Kusuri. A wannan titin ne 'yan kalando ke kutsawa, 'yan makaranta na tsallakawa, mata na ɗauke da tallan kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara. Ta ce in gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ake rasa rai a cikinsa yana ƙaruwa da kashi 4. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan 65, ya fi wanda aka buge a kan 50 kusa da mutuwa ninki huɗu da rabi. Wannan fa ƙaramar mota ake magana, balle tamu.

A Nijeriya dokar hanya ta yanka wa tirela da tanka 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun Fabrairun 2017. Da muna ganin waɗannan lambobi wata hanyar tatsar mu ce kawai. Da muka ga zanen Malam a ƙasa, muka gane daga lissafin nan aka ciro su.

LAIFIN WA?

Mun san uzurin da za a kawo, don mu ma mun sha kawo shi. Shingaye sun yi yawa, kowane a tsaya a yi ciniki. Tun 2014 da fitina ta tsananta a hanyar Fotokol da Gamboru zuwa Dikwa da Maiduguri, da yawanmu suka koma zagaye ta Bongor da Yaguwa zuwa Mubi, tafiya ta ƙaru. Akwai wuraren da ba a son dare ya yi wa mutum. Saniya in ta daɗe a mota tana ramewa, wata ta kwanta a tattake ta. Ranar kasuwa kuma ba ta jiran kowa, in ka rasa Juma'ar Wudil sai wani mako, ga kuɗin ciyawa da ruwa. Duk gaskiya ne.

Amma mu zauna mu yi lissafin riba, tunda shi ne sana'armu. Tafiyar kilomita 100 a kan 60 minti 100 ce. A kan 80 minti 75. Ribar ita ce minti 25, abin da shinge guda ke cinyewa. Don wannan minti 25 muke kusan ninka ƙarfin da zai kashe mu. Wane falke ne zai sa jarinsa duka, da ran yaransa, a cinikin da ribarsa ba ta kai rabin awa ba? Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. Mu namu saurin ya haifar mana da asarar shanu goma sha ɗaya, da zaman diyya a gaban dattawan unguwa, da nauyin da har yau muke kwana da shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara. Wanda ya ce wa direba "taka, akwai goro", ya tambayi malaminsa ko shi ya fita daga ciki.

Galibi direba ba don jin daɗi yake gudu ba. Mu muke buga masa waya kowace awa, "Kana ina? Har yanzu ba ka wuce Potiskum ba?" Mu muke yaba wanda ya kai a kwana ɗaya, mu ce wanda ya yi kwana biyu rago ne. Daga nan wasu ke komawa shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke su, ƙwaya kuwa ido take buɗewa, ba ta gyara hankali.

SHAWARARMU GA ƘUNGIYA

Na farko, mu daina yi wa direba alkawarin goro a kan saurin isa. In za a ba da tukuici, a ba wanda ya kai shanu duka a tsaye.

Na biyu, a gama takardun likitan dabbobi da na duwan da wuri, a yi lodi da kwana guda a hannu. Jinkirin da muka yi a ofis kada mu ce direba ya biya shi a kan titi.

Na uku, doguwar tafiya irin ta Legas ko Fatakwal a sa direba biyu, kuɗin na biyun a raba tsakanin masu kaya.

Na huɗu, ban da fasinja a saman shanu. 'Yan rakiya kuma su duba dabbobi in an tsaya, kada su shiga tsakiyarsu mota na gudu.

Na biyar, a gitta katako a raba bodi gida biyu ko uku, a zuba yashi ko ciyawa a ƙasa don kada kofato ya zame, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Lodi kada ya matse har su kasa numfashi, kada kuma ya yi sako-sako har su riƙa yawo.

Na shida, mai kaya ya duba taya da birki da fitila da idonsa kafin ya biya kuɗin mota, kamar yadda yake buɗe bakin sa ya duba haƙori kafin ya saya. Motar da ta lalace a hanya a sa mata alama mai ƙyalli tun daga nesa, ganye kaɗai ba ya isa da dare.

Muna roƙon shugabannin rassa, daga Digel zuwa Kusuri, Mubi, Maiduguri, Potiskum da Wudil, su karanta wannan takarda a taron wata, su kira direbobi da yaran mota su zauna a ji tare. Wanda bai yarda da lissafin ba, ya kai wa ɗansa da ke makaranta ya buga masa. Wanda ke da gyara ko ƙari, ya aiko, shafin nan namu ne duka.

Mahaifiyar yaron nan har yau muna haɗuwa da ita a bakin kasuwar Atrone. Takan gaishe mu da mutunci, ta tambayi iyali da kasuwa, ba ta taɓa ɗaga mana murya ba. Mu ne dai ba ma iya haɗa ido da ita.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a fataucinmu. Wassalam.